Kwas ɗin Katalog da Rarraba Littattafai a Digiri na Biyu: Tambayoyin Ɗalibai da Amsoshinsu

Duk shekara, da zarar an fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin digiri na biyu a fannin ilimin laburare, sai tambayoyi su fara zuwa mini. Wasu su tare ni a baranda, wasu su turo ta waya. Yawancinsu a kan kwas ɗaya ne, wato katalog da rarraba littattafai, wanda ɗalibai ke jin tsoronsa tun kafin su shiga aji. Na yi shekaru a sashen katalog kafin in fara koyarwa, shi ya sa na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su wuri guda. Abin da na faɗa game da maki da tsarin aji na ajina ne, wata jami'ar na iya yin nata daban.

Malam, me ake koya a kwas ɗin nan takamaimai?

Aiki biyu ne da ba sa rabuwa. Na farko shi ne siffanta littafi: wa ya rubuta shi, mene ne sunansa, bugu na nawa ne, ina aka buga shi, a wace shekara, shafi nawa ne. Wannan bayani shi ake zubawa a katalog. Da can a kan kati mai santimita 7.5 da 12.5 ake rubuta shi a jera a durowa, yanzu kuma a kwamfuta. Na biyu shi ne gano abin da littafin ke magana a kai, a ba shi kalmomin maudu'i, sannan a ba shi lambar da za ta kai shi kantarsa, kusa da 'yan uwansa.

Tun 1876 wani ma'aikacin laburare a Amurka, Charles Cutter, ya fayyace amfanin katalog. Ya ce wanda ya san sunan marubuci, ko sunan littafi, ko maudu'insa kawai, ya kamata ya iya samo shi, kuma katalog ya nuna wa mutum duk abin da laburaren ke da shi na wani marubuci ko a kan wani batu. Amma kada ku ɗauka daga can sana'ar ta faro. Kusan ƙarni tara kafin Cutter, a wajajen shekarar 987, wani mai sayar da littattafai a Bagadaza, Ibn al-Nadim, ya rubuta Al-Fihrist, inda ya jera littattafan Larabcin da ya sani fanni-fanni cikin maƙala goma, tare da tarihin marubutansu. Da shi nake buɗe darasin farko.

Na yi katalog a digirin farko. Maimaici zan zo yi?

A'a. A digirin farko an koya maka bin ƙa'ida: sa aya a nan, bar tazara a can. A wannan mataki za mu tambayi ƙa'idar kanta. Wa ya kafa ta, don wane irin littafi, kuma me za ka yi idan abin da ke hannunka bai shiga cikinta ba? Wanda ya gama digiri na biyu shi ake sa ran zai shugabanci sashe, ya rubuta wa laburarensa manufar aiki, ya yanke hukunci a inda littafin ƙa'ida ya yi shiru. Mako biyu na farko ne kawai muke waiwayar abin da aka yi a baya.

Ni kuma digirina na farko a wani fanni ne, ga shi ba na jin lissafi. Zan iya?

Za ki iya. Lambobin da ke cikin aikin nan ba a tara su, ba a ɗebe su, adireshi ne kawai, kamar lambar gida a unguwa. Abin da ake buƙata shi ne haƙuri da lura da ƙananan abubuwa. Fanninki na farko ma jari ne: wadda ta karanta Larabci ko shari'a ko kimiyyar magunguna za ta gane maudu'in littafin fanninta cikin minti biyu, inda wani zai shafe rabin awa yana lalube. Abin da zan roƙe ki shi ne ki je laburare mafi kusa kafin a fara zango, ki yi yawo tsakanin kantoci kina karanta lambobin da ke manne a gadon bayan littattafai, ko da ba ki gane su ba tukuna.

Dewey za mu yi ko LC?

Duka biyu, domin duka za ku tarar da su a wurin aiki.

Melvil Dewey ya fitar da tsarinsa a 1876, ɗan littafi mai shafi 44. Ya kasa ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900, kowane gida ya kasu goma, haka har ƙasa. Addini na 200, harsuna na 400, kimiyya 500, adabi 800, tarihi da labarin ƙasa 900. Bugu na 23 ya fito a 2011, kuma yanzu a intanet ake sabunta shi. Ya fi dacewa da laburaren makaranta da na jama'a, saboda yaro ma na iya bin lamba daga ƙarama zuwa babba.

LC kuwa tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ne, wanda aka fara ginawa a ƙarshen ƙarni na 19. Yana amfani da haruffa 21 a matsayin manyan gidaje, sannan lamba ta biyo baya. Musulunci na ƙarƙashin BP, shari'ar Musulunci KBP, tarihin Najeriya DT515, na Nijar DT547, harshen Hausa da adabinsa kuma daga PL8231 zuwa PL8234. Jami'o'inmu da yawa shi suke bi, domin yana da fili ga tarin littattafai masu yawa, lambobinsa kuma ba sa yin tsawo.

Za mu leƙa wasu tsare-tsaren a gurguje. Akwai UDC na Paul Otlet da Henri La Fontaine na Beljiyam, da tsarin Ranganathan na Indiya na 1933, wanda ya koya wa duniya yadda ake warware maudu'i zuwa fuskoki daban-daban kafin a haɗa lamba. Masu sha'awar laburaren shari'a za su haɗu da tsarin Elizabeth Moys na 1968. Matar ta yi aiki a laburaren jami'a a Gana da Legas, kuma har yau ana amfani da tsarinta a laburaren shari'a a Najeriya.

Ana ta cewa "gina lamba". Yaya ake gina ta?

Ga misali a Dewey. An kawo maka littafi a kan aikin gona a Najeriya. Noma na 630. Akwai jadawali na gefe da ke ba da alamar 09 idan an taƙaita maudu'i ga wani wuri, akwai wani jadawalin da ya ba kowace ƙasa lambarta: Najeriya 669, Nijar 6626. Idan ka haɗa su bisa ƙa'idar sifili, wato ka zubar da sifilin ƙarshen 630 kafin ka ƙara 09 da lambar ƙasa, sai ka samu 630.9669 ga noma a Najeriya, 630.96626 ga noma a Nijar. Wanda ya iya karanta lamba, da ya ga 669 a wutsiyarta ya san ƙasar da ake nufi, ko a ilimi ne, ko a tattalin arziki, ko a kiwon lafiya.

Wahalar ba a haɗa lambar take ba. Tana wurin yanke hukuncin abin da littafin yake a kai. Littafi a kan tasirin fari ga kiwon shanu a Sahel, na yanayi ne, ko na kiwo, ko na tattalin arziki? Kanta ɗaya zai zauna, lamba ɗaya zai samu. Akwai ƙa'idojin da ke taimakawa, misali idan abu ya yi tasiri a kan wani, ana ajiye littafin a wurin wanda aka yi wa tasirin. Sauran fuskokin kuma kalmomin maudu'i ne za su ɗauke su, domin littafi ɗaya na iya samun kalma uku ko huɗu. Su ma kalmomin ba da ka ake zaɓensu ba, akwai jeri tsayayye irin LCSH, wato na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, ko na Sears wanda ya fara fitowa a 1923. Dalili shi ne, idan yau ka rubuta "maleriya", gobe abokin aikinka ya rubuta "zazzaɓin cizon sauro", to littattafan cuta ɗaya sun rabu gida biyu, mai bincike zai ga rabi ya tafi yana zaton ya ga duka.

Me ya sa Musulunci gaba ɗaya ya takure a 297, alhali wani addinin ya mamaye daga 220 zuwa 280?

Wannan tambaya ba ta taɓa wuce shekara ba a yi ta, kuma ina jin daɗinta, domin nan ne ɗalibi ke fara gane cewa mutum ne ya zauna ya tsara tsarin, da idon zamaninsa da garinsa. Dewey ya tsara nasa ne don laburaren wata kwaleji a Amurka a ƙarni na 19, ya raba fili gwargwadon littattafan da ke gabansa. Kiristanci ya samu gida bakwai, duk sauran addinan duniya suka taru a 290. Alƙur'ani mai girma sai da aka shiga bayan ɗigo kafin a samo masa 297.122. Sakamakon haka, a laburaren da rabin kayansa tafsiri ne da hadisi da fiƙihu da sira, za ka ga kantoci sun cika da lamba ɗaya mai doguwar wutsiya, sauran gidajen 200 kuma babu kowa.

Haka abin yake a harsuna. Ingilishi na da 420 shi kaɗai, Jamusanci 430, Faransanci 440. Larabci sai 492.7, Hausa 493.72, Fulatanci 496.322. Ku lura ma Hausa da Fulatanci, da suke kwana gida ɗaya a wurinmu, sun rabu a kanta, domin an bi dangin harshe ne.

To me za a yi? Tsarin Dewey kansa ya ba da zaɓi: laburaren da wani addini ya fi yawa a cikinsa na iya matso da shi gaba ya ba shi fili. Ƙasashen Larabawa sun daɗe da yin gyare-gyarensu a kan wannan. Ra'ayina shi ne a yi gyaran idan buƙata ta kai, amma a rubuta shi dalla-dalla a takardar manufa, a ajiye inda magaji zai gani. Na taɓa shiga wani laburare inda wani ma'aikaci mai himma ya ƙirƙiro wa littattafan addini lambobinsa masu kyau, ya yi ritaya da su a kansa. Waɗanda suka gaje shi suka koma 297, aka wayi gari littafi ɗaya na zaune a wuri biyu. Aikin zangonku na farko zai kasance a kan irin wannan gyara.

AACR2 muka koya. Dole ne mu koma RDA?

Dole ne ku iya RDA, kuma kada ku manta AACR2. Duka biyun kundin ƙa'idojin siffanta littafi ne. Ita AACR2 ta fito a 1978, an yi ta ne da kati a zuciya, inda fili ya yi kaɗan. Shi ya sa take son gajarta kalmomi, take sa gajerun kalmomin Latin idan ba a san wurin bugu ko maɗaba'a ba, kuma idan marubuta sun wuce uku sai a ambaci na farko a bar sauran. RDA ta fito a 2010, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya koma kanta a ranar 31 ga Maris 2013. Ita tana cewa ka rubuta abin da ka gani yadda ka gan shi, ka daina gajartawa, ka ambaci marubuta ko su nawa ne, ka kuma faɗi rawar kowa: wannan ya rubuta, wannan ya fassara, wannan ya yi zane. Katalogin da za ku tarar a wurin aiki cakuɗe yake da tsoho da sabo, don haka sai kun iya karanta duka biyu.

Maganar "aiki" da "sigar aiki" da ake yi a RDA ta ɗaure mini kai.

Ta fito ne daga wani rahoto da ƙungiyar laburare ta duniya, IFLA, ta fitar a 1998, wanda aka sabunta a 2017. Idan aka ce "littafi", abu huɗu ake iya nufi. Bari mu ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin kansa, yadda ya ƙulla shi a ransa, shi ne mataki na farko, wato "aiki". Mataki na biyu shi ne "sigar aiki". Rubutun Hausa da ya fito a 1934 siga ɗaya ce ta labarin, fassarar Ingilishi da Mervyn Hiskett ya yi a 1967 kuma wata siga ce ta wannan labarin dai. Mataki na uku shi ne bugu: kowane lokaci da wata maɗaba'a ta fitar da shi da bangonsa da shafukansa. Na huɗu shi ne kwafin da ke hannunka, mai tambarin laburarenku, wanda wani ya ja wa layi a shafi na goma. Fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 kuwa sabon aiki ne mai zaman kansa, amma ɗan uwa ne, kuma katalog mai kyau zai nuna dangantakar.

Amfaninsa a fili yake. Ɗalibar da ke son labarin kawai, kowane bugu ya ishe ta. Mai nazarin fassara siga takamaimai yake nema. Mai nazarin yadda rubutun Hausa ya sauya kuwa tsohon bugu yake so, sabo ba zai yi masa ba.

MARC fa? Sai na haddace duk lambobin nan?

Ba duka ba. MARC hanya ce ta shirya bayanin littafi yadda kwamfuta za ta gane wanne ne suna, wanne ne shekara. Henriette Avram ce ta jagoranci ƙirƙiro shi a shekarun 1960, sigar da ake amfani da ita yanzu, MARC 21, ta samu ne a 1999. A cikinsa kowane bayani yana da filinsa mai lamba. Filayen da za ku riƙa shiga kullum ba su kai ashirin ba, hannu zai saba da su da kansa: 020 lambar ISBN (lambar shaidar littafi ta duniya), 100 marubuci, 245 sunan littafi, 250 bugu, 264 wuri da maɗaba'a da shekara, 300 yawan shafi, 650 maudu'i, 082 lambar Dewey, 050 ta LC. Filin 880 kuma shi ke ba ka damar rubuta suna da haruffan Larabci kusa da na boko.

Ga tarko ɗaya da ke kama kusan kowa. A lambobin ƙasashe na MARC, Najeriya nr ce, ng kuwa Nijar ce. Wanda ya saba da adireshin intanet sai ya sa ng, ya kwashe littattafan Zariya ya kai su Yamai. Alamar harshen Hausa hau ce. Idan ba ka sa ta a gurbinta ba, mai neman littattafan Hausa zalla ba zai taɓa ganin naka ba.

Ta wane suna ake shigar da marubucin Hausa?

Wannan shi ne babin da na fi daɗewa a kai, domin ƙa'idojin an gina su ne a kan mutanen da ke da sunan dangi da ake gada. Mu kuwa bayan sunan yanka, abin da ke biyowa na iya zama sunan uba, ko gari, ko unguwa, ko sana'a, ko sarauta. Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Mu'azu Haɗeja, duk sunan wuri ne a ƙarshe. Manyan katalogin waje sun shigar da Firayim Minista na farko a ƙarƙashin Balewa, alhali Tafawa Ɓalewa sunan gari ne guda, an raba shi biyu ke nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa za ka same shi da rubutu iri-iri, wani ya bi Larabci ya ce Uthman ibn Fudi, wani ya bi Hausa, wani ya bi yadda Turawa suka ji.

Maganin shi ne abin da muke kira daidaita sunaye. A zaɓi siga ɗaya a tsaya a kanta, a rubuta duk sauran sigogin a matsayin masu nuni zuwa gare ta, a ƙara shekarar haihuwa da ta rasuwa idan an tabbatar, don a raba Muhammad Sani da wani Muhammad Sanin. Alhaji da Malam da Hajiya da Dakta ba sa zama ƙofar shiga. Ga marubuta mata akwai ƙarin aiki: wata ta fara rubutu da sunan mahaifinta, ta ci gaba da na mijinta, a intanet kuma tana da laƙabi na uku. Idan ba a ɗaure su wuri ɗaya ba, katalog zai mayar da mace ɗaya mutum uku, kowacce da ɗan guntun aikinta.

Sai haruffa masu ƙugiya. Idan ka rubuta ƙasa a matsayin kasa, ko ɓarna a matsayin barna, ka sauya abin da ke bangon littafin. Ku rubuta yadda yake, sannan ku gwada ko manhajarku na samo shi idan mai bincike ya buga ba ƙugiya. Idan ba ta samowa, ku ƙara sigar da ba ƙugiya a filin 246. Haka za ku yi da bambancin 'y na Najeriya da ƴ na Nijar.

Littattafan kasuwa da ba su da shekara ko ISBN, da rubuce-rubucen ajami, suna cikin kwas ɗin?

Suna ciki, kuma saboda su ne na fi damuwa da kwas ɗin. Littafin kimiyya da aka buga a Landan, kafin ya iso hannunka wani ya riga ya yi masa katalog. Amma littafin soyayya da aka buga a Kano, mai kashi na ɗaya da na biyu da na uku, ba shekara, ba sunan maɗaba'a, ko ɗan littafin addu'o'i da ake sayarwa a ƙofar masallaci, babu wanda zai yi masa idan ba ku ba. Na taɓa tarar da kwalaye cike da irin waɗannan littattafai a wani sito, kyautar wani bawan Allah, sun yi shekaru ba a buɗe ba, saboda ma'aikata sun neme su a intanet ba su samu abin kwafa ba. Gara ta riga mu zuwa kwali biyu. Har yau abin na ci mini rai, domin wasunsu ban sake ganin irinsu ba.

Ƙa'ida ba ta hana ka aiki don babu shekara. Ka duba gabatarwa, da tallar da ke bayan bango, da farashin da aka rubuta, da irin lambar wayar da aka sa, ka ƙiyasta shekara ka saka ta cikin baka mai kusurwa da alamar tambaya. Idan shekarar Hijira ce, ka rubuta ta yadda take ka ƙara ta Miladiyya, misali 1420 ta faɗo tsakanin 1999 da 2000. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku, kuma can ake karɓar ISBN, amma da yawa daga cikin masu bugun kasuwa ba su taɓa bi ta nan ba.

Rubutun hannu na ajami da Larabci aiki ne na daban, mako biyu muke ba shi. Sau da yawa ba shi da shafin suna, warƙoƙi ne sake a cikin tadarishi. Za ka rubuta layin farko da na ƙarshe, ka ƙirga warƙoƙi, ka auna su, ka bi kalmar da mai kwafa ke sawa a ƙasan shafi don ka tabbatar jerin bai rikice ba. Ka ɗaga takardar a haske ko za ka ga alamar jinjirin wata uku ta takardun da aka riƙa kawowa daga Italiya. Ka raba mawallafi da wanda ya kwafa, domin sunan da ke ƙarshe sau da yawa na mai kwafa ne. Idan waƙa ce, shekarar na iya ɓuya a ramzi, wato kalmar da idan aka tara ƙimar haruffanta za ta ba da shekarar, kuma lissafin haruffa na Magrib da malamanmu ke bi ya bambanta da na Gabas: a namu harafin shinun ne dubu. Wanda ya yi wannan da kyau zai yi amfani a Gidan Arewa da ke Kaduna, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen rubuce-rubucen hannu na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai.

Tunda ana iya kwafo bayani daga intanet, ga kuma ƙirƙirarriyar basira, aikin nan bai mutu ba?

Kwafowa halal ce a sana'ar nan, ita ce ma ke rage tarin aiki, kuma zan koya muku yadda ake jawo bayani ta Z39.50, hanyar da kwamfutocin laburare ke binciken katalogin juna. Sharaɗin shi ne littafin na hannunka kana gwadawa, domin bugun Indiya mai araha da bugun Amurka na iya zama suna ɗaya, shafi da ISBN daban. Na'ura kuma tana taimakawa. Laburaren Ƙasa na Finlan ya ƙera wata manhaja mai suna Annif da ke ba da shawarar kalmomin maudu'i. Amma manhajojin hira da ɗalibai ke tambaya kan ba da lamba mai kama da gaskiya wadda babu ita a jadawali. Ban hana ku amfani da su ba. Duk lambar da kuka kawo dai zan ce ku buɗe jadawali ku nuna mini inda kuka samo ta, mataki-mataki.

Wane kayan aiki zan tanada, kuma nawa zai ci?

Kwamfutar tafi-da-gidanka, ko tsohuwa ce, da ruler mai santimita. WebDewey da RDA Toolkit, wato Dewey da RDA na intanet, na kuɗi ne, da na sashe za mu yi aiki. Jadawalan LC da jerin LCSH da bayanin MARC 21 kuwa kyauta suke a shafin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, ku sauke su tun da wuri saboda ranar da babu wuta ko sabis. A aji za mu yi amfani da Koha, manhajar laburare da aka fara a Niyu Zilan a 1999, wadda ba a biyan kuɗin lasisinta, da kuma MarcEdit don gyara bayanai da yawa lokaci guda.

Daga Nijar nake, da Faransanci na yi karatu. Zan sha wahala?

Wata na farko zai yi nauyi saboda kalmomin sana'a. Bayan nan za ka ga tushen ɗaya ne. Idan ka saba da UNIMARC, ɗan uwan MARC 21, da jerin maudu'i na RAMEAU, ko ka yi karatu a hannun waɗanda suka fito daga EBAD, makarantar horar da ma'aikatan laburare ta Dakar, to lambobin filaye ne za su sauya maka: sunan littafi da ka sani a 200 zai koma 245. Ka zo da littattafan Hausa bugun Nijar idan kana da su, muna ƙarancinsu a aji.

Yaya ake ba da maki?

Kashi 40 aikin zango, kashi 60 jarrabawa. A aikin zango kowa zai yi cikakken katalog na abu ashirin, kuma aƙalla biyar su kasance waɗanda ba a taɓa yi musu ba a ko'ina. A jarrabawa ana shiga da jadawali, ba na neman hadda. Lamba daidai ba tare da bayani ba rabin maki ce. Lambar da na saɓa da ita, amma aka kafa mata hujja daga ƙa'ida, na iya cinye makin duka.

Akwai aikin yi bayan an gama?

Akwai, kodayake ba zan yi wa kowa alkawarin kujera ba. Ɗalibai da yawa na guje wa sashen katalog, don haka wanda ya iya shi da gaske ba ya rasa mai nemansa a jami'o'i da kwalejoji da kotuna da cibiyoyin bincike. Rumbunan intanet da jami'o'i ke zuba kundayen digiri a ciki ma wannan ilimin suke buƙata, ko da sun kira shi da wani suna. Ku yi rajista da hukumar rajistar ma'aikatan laburare ta ƙasa, LRCN, ku kuma shiga sashen katalog na Ƙungiyar Laburare ta Najeriya, wadda aka kafa a 1962. A tarukansu ake jin sauye-sauyen ƙa'ida da wuri.

Me zan kawo ranar farko?

Littafi ɗaya daga gidanku wanda kuke zaton babu shi a kowane katalog. Na Hausa, ko Fulatanci, ko Kanuri, ko Larabci, bugun kasuwa ko na maɗaba'ar unguwa, ko da bangonsa ya yage. Idan rubutun hannu ne na gado, kada ku ɗauko shi, ku nemi izinin masu shi ku ɗauki hoton shafin farko da na ƙarshe. Za mu jera su a kan tebur, kowa ya ɗauki na wani, a ba shi minti goma sha biyar ya rubuta wa ya yi shi, yaushe, a ina, kuma a kan me yake magana.